Taki Ne Ko Gishiri? Nazarin Amfani da Sharar Tankin Kifin Teku a Lambu

Tsakure

Masu kiwon kifin ado na ruwan teku suna fitar da shara iri-iri daga tankunansu: tsohon ruwa, dagwalon kumfa, ciyawar teku, yashin murjani, da ruwan da na'urar tacewa ke zubarwa. Ana yawan ba su shawarar su kai sharar lambu ta zama taki. Wannan takarda ta auna shawarar da ma'auni guda, wato yawan abincin shuka da ke cikin kowace shara da yawan gishirin da ke rakiyarsa. Ta dogara da sanannun alƙaluman sinadaran ruwan teku da jadawalin juriyar amfanin gona ga gishiri. Ta nuna cewa tsohon ruwan tanki ba taki ba ne, ciyawar da aka wanke taki ce, dagwalon kumfa kuwa sai da sharaɗi. Ta kuma nuna cewa yawan ruwan saman wuri shi ke raba gardama kan ko shawarar za ta yi amfani ko za ta yi ɓarna.

Gabatarwa



Ajiye kifin teku da murjani mai rai a tankin gilashi sana'a ce kuma abin sha'awa da ya fi ƙarfi a Amurka, Turai da Japan. Wani rahoto da cibiyar sa ido kan halittu ta Hukumar Muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya da ke Kambirij ta fitar a 2003 ya ƙiyasta cewa mutum miliyan 1.5 zuwa miliyan 2 ne ke da irin wannan tanki a duniya, kuma ana cinikin kifin ado na teku miliyan 20 zuwa 24 kowace shekara. Yawancin masu tankin ba sa kusa da teku. Gishiri na musamman suke saya a bokiti ko a buhu, su dama shi da tataccen ruwa har ya kai kaurin ruwan teku. Duk mako ɗaya ko biyu sai su zuƙe kashi 10 zuwa 20 cikin 100 na ruwan tankin su zubar, su zuba sabo.

Mai tankin lita 400 da ke sauya kashi 10 cikin 100 kowane mako yana zubar da sama da lita 2,000 a shekara. Duk mai hankali zai ji ciwon wannan asara, balle idan yana da lambu a bayan gida. Ga shi kuma kowa ya san ruwan kifi na gyara shuka: mai tankin kifin ruwan daɗi yana ba furanninsa tsohon ruwa su yi kyau, mai kiwon tarwaɗa a ƙasarmu yana sakin ruwan kwaminsa a gindin ayaba ya ga ganye ya yi shar. Daga nan shawarar ta taso. An ɗauki abin da ya tabbata a kan ruwan daɗi aka ɗora shi a kan ruwan teku, aka manta da abin da ya raba su.

Abin da zan yi a nan lissafi ne da kowa zai iya bi da biro da takarda. Zan ɗauki sharar ɗaya bayan ɗaya, domin kuskuren farko shi ne a yi mata kuɗin goro.

Tsohon ruwan tanki

A kowace lita ta ruwan teku akwai gishiri kimanin giram 35. A cikinsu kulorayid ya kai wajen giram 19, sodiyam ya kusa giram 11, salfet giram 2.7, maganiziyam giram 1.3, kalshiyam da fotashiyam kuwa kowanne kimanin giram 0.4. Mai murjani yana ƙoƙarin riƙe tankinsa a kan wannan kauri ba daɗi ba ragi, don halittunsa ba sa jure sauyi.

To me kifin ya ƙara a kai? Kifi na fitar da amoniya, ƙwayoyin bakteriya da ke zaune a duwatsu da yashin tankin su mayar da ita naitirayit, daga nan su mayar da ita naitiret, wanda shuka ke sha kai tsaye. Shi ne takin da ake magana. Sai dai duk aikin mai tankin teku shi ne ya hana naitiret taruwa. Masu murjani kan so ya tsaya ƙasa da miligiram 10 a lita, fosfet kuma ƙasa da miligiram 0.1. Bari mu yi wa shawarar alfarma mu ɗauki tanki mai ɗan datti, mai naitiret miligiram 20 a lita. Ko a haka bai kai rabin iyakar miligiram 50 da Hukumar Lafiya ta Duniya ta yarda da ita a ruwan sha ba.

Naitirojin zalla bai kai rubu'in nauyin naitiret ba, kashi 22.6 ne cikin 100. Ke nan lita ɗaya na ɗauke da naitirojin miligiram 4.5, jarkar lita 20 kuma miligiram 90. Wannan jarka ɗin dai tana ɗauke da gishiri giram 700. Takin yuriya da manomanmu ke saya naitirojin ɗinsa kashi 46 ne cikin 100, saboda haka giram ɗaya na yuriya, abin da ɗan yatsa biyu za su tsinko, ya yi daidai da jarka biyar na tsohon ruwan tanki. Wanda ya zaɓi jarkunan ya zuba wa ƙasarsa gishiri kilo uku da rabi don ya sami abin da tsinken yuriya zai ba shi. Mai tankin lita 400 ɗin nan kuwa, in ya juye ruwansa na shekara a lambu, ya juye gishiri sama da kilo 70, kusan buhu ɗaya da rabi.

Akwai wani abu da ya kamata a lura da shi. Idan ana neman abincin shuka mai ɗan kauri a cikin jarkar, ba naitirojin ba ne. Fotashiyam ne, kimanin giram 8, da maganiziyam giram 26, da salfa. Waɗannan kuwa ba kifi ya kawo su ba, suna cikin gishirin da mai tankin ya saya tun farko. Kuma kowane giram na fotashiyam yana tafe da sodiyam giram 27, alhali su biyun kishiyoyi ne a bakin saiwa: in sodiyam ya yi yawa, shuka na kasa shan fotashiyam ɗin da ke gabanta.

Yanzu mu duba abin da gishirin ke yi. Masana ƙasa na auna gishiri ta hanyar yadda ruwa ke ɗaukar lantarki, da ma'aunin da ake rubutawa dS/m. Ruwan teku yana wajen 50. Littafin Hukumar Abinci da Noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya kan ingancin ruwan ban-ruwa, wanda Ayers da Westcot suka rubuta aka kuma sabunta shi a 1985, ya ce ruwan da ke ƙasa da 0.7 ba shi da matsala, daga 0.7 zuwa 3 sai da lura, abin da ya haura 3 kuwa matsalarsa mai tsanani ce. Tun a 1954 ɗakin binciken gishirin ƙasa na Amurka da ke Riverside a jihar Kalifoniya ya sa iyakar 4 a matsayin inda ake fara kiran ƙasa mai gishiri. A 1977 kuma Maas da Hoffman suka tattara gwaje-gwajen shekaru suka fitar da iyakar kowane amfanin gona, wato inda yabanya ke fara raguwa. Karas 1.0, albasa 1.2, latas 1.3, tattasai 1.5, kabeji 1.8, tumatir da kokwamba 2.5. Masu jimirin su ne irin su alkama mai 6.0, auduga 7.7 da sha'ir 8.0. Duk wanda ya san lambu ya ga inda matsalar take: kayan miya su ne marasa juriya. Albasa na rasa kashi 16 cikin 100 na amfaninta a kan kowace lamba ɗaya da aka haura iyakarta, tumatir kuma kusan kashi 10.

Mu ɗauki fangali mai faɗin mita ɗaya da tsawon mita ɗaya. Ƙasar sama mai zurfin santimita 20, inda yawancin saiwar kayan lambu take, nauyinta zai kai kilo 280, kuma in matsakaiciya ce, ba yashi ba ba yumɓu ba, za ta sha ruwa wajen lita 100 kafin ta ƙoshi. A juye mata jarka ɗaya. Giram 700 a cikin lita 100 ya ba da giram 7 a lita, wanda zai ɗaga ma'aunin da wajen 10. A wannan mataki albasa ta gama, domin lissafinta na kaiwa sifiri tun kafin 8. Tumatir zai rasa kusan kashi uku cikin huɗu. Daga jarka ɗaya ke nan, zubi ɗaya.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Ruwa na bin inda gishiri ya fi yawa. Duk wadda ta taɓa barbaɗa gishiri a kan yankakkiyar albasa ta ga ruwa ya tsatso daga jikinta. Haka saiwa take a ƙasa mai gishiri: fangali a jiƙe, shuka na yaushi da tsakar rana kamar ba a ba ta ruwa ba. Mai lambu ya ɗauka ƙishi ne ya ƙara ruwa. Bayan 'yan kwanaki gefen tsofaffin ganye ya fara ƙonewa daga baki yana shiga ciki, sababbin ganye su fito ƙanana masu duhu, tumatir ya fara baƙin ruɓa a ƙasan 'ya'yansa saboda kalshiyam ba ya isa can. In an yi rana biyu ba ban-ruwa sai a ga fari-fari a kan kunyar fangali.

Wannan ɓarna ta kusa ce, kuma ana iya wanke ta da ruwa mai yawa in ƙasar na tsiyaya. Wadda ta fi daɗewa ita ce ta sodiyam. Yana korar kalshiyam daga jikin ƙwayoyin yumɓu, sai dunƙulen ƙasa ya warware, ƙofofin da ruwa da iska ke bi su toshe. Abin mamaki, alamar ba ta fitowa sosai sai an kawo ruwan daɗi daga baya: gishirin ruwa ya wanke, sodiyam ya rage maƙale da yumɓu, sai ƙasa ta yi santsi in ta jiƙe, ta yi tauri kamar daɓe in ta bushe, iri ya kasa fasa ta. Manoman Holan sun ga haka bayan ambaliyar teku ta 1953 da ta ci gonakin yankin Zeeland. Da jifsam, wanda ke mayar wa ƙasa da kalshiyam, aka yi ta jinyar gonakin, kuma an ɗauki shekaru.

Za a ce a sirka mana. To, a sirka. Kafin a sauko da 50 zuwa 0.7 ana bukatar a ninka ruwan sau 70 ko fiye, wato kofi ɗaya na ruwan tanki a cikin kofi 70 na ruwan daɗi. A lokacin naitiret ɗin nan na miligiram 20 ya koma ƙasa da miligiram 0.3 a lita. Rijiyoyin cikin gari da yawa sun fi haka naitiret ba tare da an zuba masu komai ba. Sirkin da zai kawar da cutarwar ya kawar da amfanin tun kafin a kai rabin hanya. Kuma gishirin bai ɓace ba, an dai rarraba shi ne. Ruwa zai tashi sama, shi zai zauna.

Hujjar masu goyon baya

Bai kamata a yi wa masu shawarar rashin adalci ba, suna da abin riƙewa. A Filifin hukumar kula da noman kwakwa tana ba manoma shawarar su zuba gishirin girki a gindin kwakwa, domin itacen na bukatar kulorayid da yawa. A Ingila an daɗe ana sa gishiri a gonar gwozar da ake yin sukari da ita, wadda asalinta tsiron bakin teku ne. Masu bincike a Jami'ar Pisa ta Italiya sun wallafa a 2008 cewa ƙananan tumatir da aka shayar da ruwan da kashi 12 cikin 100 nasa ruwan teku ne sun fi wadatar wasu sinadarai masu amfani ga jiki. A Amurka kuma littafin Maynard Murray na 1976 kan noma da gishirin teku har yau yana da mabiya, masu cewa teku na ɗauke da duk ƙananan sinadaran da ƙasa ta rasa.

Amma a duba kowane misali da kyau. Kwakwa da gwozar sukari tsirrai ne masu son gishiri ta halitta, kuma ana noma su ne inda ruwan sama ke wanke ƙasa. Tumatir na ƙara zaƙi a gishiri saboda 'ya'yan ba sa samun ruwa sosai, sai su fito ƙanana; mai sayarwa a kwando ba zai gode wa wannan ba. Batun ƙananan sinadarai kuwa gaskiya ne suna nan, sai dai ƙarfe da zinki da manganis, waɗanda shuka ta fi rasawa, kusan babu su a ruwan teku. Wanda yake nan da yawa shi ne boron, kimanin miligiram 4.5 a lita, alhali jadawalin Ayers da Westcot ya sa abin da ya haura miligiram 3 a sahun haɗari. A ganina waɗannan misalai sun nuna cewa wasu tsirrai na iya zama da gishiri. Ba su nuna cewa ruwan tanki taki ne ba.

Ciyawar teku

Nan ne labari ya sauya. Masu tanki da yawa na keɓe wani ƙaramin ɗaki a ƙarƙashin babban tankin, su kunna masa fitila, su riƙa renon ciyawar teku a ciki, galibi nau'in Chaetomorpha, mai kama da curin koren zare mai kauri. Wasu kuma na amfani da allon raga da ruwa ke gudana a kansa gansakuka na tsirowa, dabarar da Walter Adey na cibiyar Smithsonian ya ƙirƙiro wajen ƙarshen shekarun 1970. Manufar ɗaya ce: ciyawar ta sha naitiret da fosfet ta yi girma, a yanke ta a jefar. Wato ita ce ke yin aikin da sirki ya kasa. Tana tattara abincin shuka daga ɗaruruwan litoci ta dunƙule shi a jikinta, ta bar yawancin gishirin a baya.

Koriyar ciyawar teku yawancinta ruwa ne. Kilo ɗaya ɗanye kan ba da busasshe giram 100 zuwa 150, kuma naitirojin a busasshen kan kama daga kashi 1 zuwa 4 cikin 100, gwargwadon ƙoshin ruwan da ta girma a ciki. In muka ɗauki giram 100 da kashi 3, mun sami naitirojin giram 3, wanda ya fi na jarka 30 na tsohon ruwa. Ba ta da itace a jikinta, don haka tana ruɓewa da wuri. Ba ta kuma zuwa da irin ciyawar gona, abin da takin shanu ba zai yi alfahari da shi ba.

Gishirin da ke jikinta ana iya rage shi. A matse ta sosai tukuna, domin yawancinsa yana cikin ruwan da ya maƙale tsakanin zaren. A jiƙa ta a bokitin ruwan daɗi, a zubar, a sake, sannan a shanya ko a cusa ta a cikin tarin takin da ake ruɓarwa tare da busasshen ganye da kashin dabbobi. Jiƙon na tafiya da wani ɓangare na fotashiyam, wannan farashi ne da ya kamata a biya. Ruwan jiƙon farko kuma kada ya je fangali.

Tarihi na bayan wannan hanya. Mutanen tsibiran Aran da ke yammacin Ireland a kan falalen dutse suka gina gonakinsu, suna shimfiɗa yashi da ciyawar teku hawa-hawa har ƙasa ta samu suka shuka dankali. Manoman Brittany a Faransa da na tsibirin Jersey sun yi ƙarnoni suna kwasar ciyawar bakin teku zuwa gona. Yau ma ana sayar da ruwan takin da aka tatso daga ciyawar teku, irin su Kelpak na Afirka ta Kudu. Sai dai akwai abin da masu kawo wannan tarihi kan tsallake: mutumin Aran bai damu da wanke ciyawarsa ba domin sama na wanke masa. Yammacin Ireland na samun ruwa sama da milimita 1,000 a shekara, a warwatse cikin kowane wata, ga sanyi da ke hana ruwa tashi. Mai lambu a Kano ko Damagaram damina ɗaya gare shi ta wata huɗu zuwa biyar, sauran shekara rana da iska na zuƙe ruwa daga ƙasa fiye da abin da sama ta bayar. Noman lambunsa ma na rani ne, lokacin da babu ɗigo ɗaya da zai tura gishiri ƙasa da saiwa. Wasu rijiyoyin kuma da ma da zartsinsu. Shawarar da ba ta kashe lambu a Ireland ba tana iya kashe shi a nan cikin rani guda, musamman shukar tukunya da ta buhu, inda gishiri ba shi da wurin gudu.

Gargaɗi ɗaya game da ciyawar: kada a jefa ta da rai a inda za ta kai teku. Nau'in Caulerpa taxifolia na tankunan ado an fara ganinsa a Bahar Rum a 1984, a ƙarƙashin gidan adana halittun teku na Monako, ya bazu ya rufe dubban hekta na ƙasan teku. Da ya ɓulla a Kalifoniya a 2000 sai da aka kashe miliyoyin daloli kafin a sanar da kawar da shi a 2006. Shanya ta a kai ta juji ya fi kowace hanya aminci.

Dagwalon kumfa da sauran tarkace

Kusan kowane tankin teku yana da na'urar kwashe kumfa. Tana hura ƙananan ƙwayoyin iska cikin ruwa, datti mai maiƙo da bakteriya da gutsattsarin abinci su manne masu, kumfar ta hau ta zube a wani kofi. Abin da ke taruwa a kofin ruwa ne mai kauri, daga ruwan shayi zuwa baƙi-ƙirin, mai ɗoyin da ba a mantawa. Shi ne sharar da ta fi kama da taki a ido da hanci, kuma lallai akwai abinci a cikinsa. Amma ruwan da ke ɗauke da shi ruwan tanki ne. Rubu'in lita na iya zuwa da gishiri har giram 9. A cikin babban tarin taki wannan ba komai ba ne. A tukunyar fure ɗaya, mako bayan mako, kisa ne a hankali. Wurinsa tarin taki, ba gindin shuka ba. Haka dattin da ake zuƙowa daga yashi: a bar shi ya kwanta a bokiti, a tsiyaye ruwan sama, a ƙara ruwan daɗi a sake tsiyayewa, sannan a ɗauki lakar.

Akwai lokutan da ko wannan bai halatta ba. Idan an yi wa kifi maganin ƙuraje da sinadarin tagulla, kamar yadda aka saba, tagullar na maƙalewa a datti kuma ba ta ruɓewa a ƙasa. Idan tankin na da murjanin nan mai laushi na dangin Palythoa, wasunsa na ɗauke da dafin falitoksin, ɗaya daga cikin mafi ƙarfin dafin da aka sani. Hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta wallafa rahoto a 2015 kan mutanen da ake zargin sun shaƙe shi a shaguna da gidaje a Alaska. Irin wannan murjani ba a goge shi a fili, ba a zuba masa tafasasshen ruwa, ba a kai shi juji inda kaji da yara ke tonawa. Ga kuma ƙwayar Mycobacterium marinum da dangin Vibrio masu shiga ta rauni a hannu. Safar hannu ta roba wajibi ce, kuma kada ɗanyen dagwalo ya taɓa latas ko wani ganyen da ake ci ba dafawa.

Tsohon yashin murjani alli ne a sinadarinsa. In an wanke shi yana rage tsamin ƙasa, don haka yana da amfani ga ƙasa mai tsami kawai. A ƙasa mai kanwa ƙara wa Borno dawaki ne.

Sharar da ta fi kowacce amfani kuwa ita ce wadda ba a ko ambata. Kafin a dama gishiri, mai tanki na tace ruwan famfo da na'ura mai matse ruwa ta cikin siririyar fata. Ƙananan na'urorin gida kan zubar da lita 3 zuwa 4 kafin su ba da lita ɗaya tatacciya. Wannan ruwan da ake zubarwa bai taɓa gishirin teku ba. Ruwan famfo ne da ma'adinansa suka ƙaru da rubu'i ko sulusi kawai. In ruwan famfon gari mai kyau ne, shi ma zai yi ban-ruwa. Mai tankin da ke sauya lita 2,000 a shekara yana da lita 6,000 zuwa 8,000 na wannan ruwa. Ba taki ba ne, amma a ƙasa mai fari ya fi takin daraja.

Inda ruwan gishirin ke da wurin zuwa

Hanya ɗaya ce ta sa ruwan kifin teku ya ciyar da shuka, ita ce a sauya shukar. Edward Glenn da abokan aikinsa na Jami'ar Arizona sun wallafa a 1991 cewa tsiron Salicornia bigelovii ya ba da iri mai mai bayan an shayar da shi ruwan teku zalla a gaɓar hamadar Meziko. A ƙarshen shekarun 1990 aka kafa gona kusa da Massawa a Eritiriya inda ruwan da ya fito daga kwamin jatan-lande da kifi ke shayar da wannan tsiro da itatuwan bakin teku, kafin aikin ya tsaya a farkon shekarun 2000. Cibiyar binciken noman ruwan gishiri da aka kafa a Dubai a 1999 na ci gaba da irin wannan gwaji. Duk waɗannan a bakin teku suke ko a kan yashin da ba a fatan shuka wani abu a kansa, kuma ruwan na da inda zai tsiyaye. Mai tanki ɗaya a cikin gari zai iya gwada hakan a rufaffen baho, ba a ƙasar lambu ba.

Masu tankin teku 'yan kaɗan ne a ƙasarmu, amma lissafin ya shafi wasu da yawa. Ruwan kwamin tarwaɗa taki ne na gaske: abincin kifin na da furotin wajen kashi 40 cikin 100, kifin na riƙe ƙasa da rabin naitirojin ɗin da ya ci, sauran na fita cikin ruwa, kuma babu gishirin da ke rakiyarsa. Sai dai masu kiwon sun saba watsa gishiri a kwami in kifi ya ji rauni ko an yi masa jigila. Giram 2 kacal a lita ya riga ya kai miligiram 2,000, daidai iyakar da jadawalin Ayers da Westcot ya ce daga nan matsala ta tsananta. A kwamin lita 10,000 wannan gishiri kilo 20 ne. Ruwan da aka saki bayan irin wannan magani a ba shi kwatarsa daban, nesa da rijiya, kada ya bi wadda ke zuwa fangalin albasa.